Daɓe Na Tara da Fatar Rago

Duk wanda ya zo neman aiki a filin nan, abin da yake fara faɗi ke nan: ai shara ce kawai. Yana hango ni daga bakin titi ina jan ƙarfe a kan yashi, manya suna tsaye da fararen huluna suna jirana, sai ya ɗauka ko tsohuwa aka ba za ta iya. To ku zauna ku ji, tunda ku ma haka kuka ce. Shekara talatin da ɗaya ina wannan sharar, kuma sau ɗaya tak na yi ta ba daidai ba da gangan. Har yau ina jin kunyar wannan rana.

A rediyo ƙwallon lambu suke ce wa wasan, masu yin sa kuma golf suke cewa. Namu filin babu lambu a cikinsa. Ƙeƙasasshiyar ƙasa ce a bayan garin Gusau, da tsamiya biyu da 'yan itatuwan bedi, ga burtalin shanu ta gefen arewa. Rami tara ne, kowane da tutarsa. Mutum zai bugi 'yar ƙwallo da sanda daga nesa, ya bi ta a ƙafa, ya sake bugu, har ta faɗa rami. Wanda ya zagaye taran da bugu mafi ƙaranci shi ya ci. A wuraren da ke da ruwa, ciyawa mai laushi ake dasawa kewaye da kowane rami. Mu ba mu da ruwan da za mu ba ciyawa, don haka yashi muke shimfiɗawa, mu kwaɓa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe. Wannan da'irar yashin ita muke ce wa daɓe, kuma daɓe tara ɗin nan su ne sana'ata.

Daga Wanke na zo cin rani, ina da mata da 'ya ɗaya, ba da niyyar zama ba. Wanda na tarar yana riƙe da filin wani dattijo ne, Baba Tunau, siriri, mai ƙarancin magana da saurin hannu. Aikin da ya fara ba ni rairaya ce. Tifa ta juye yashin gulbi daga wajen Bungudu, ya miƙo mini rariya da shebur ya tafi abinsa. Na yini ina rairaya, la'asar na kira shi ina taƙama. Ya tsoma hannu cikin tulin, ya murza, ya zaro tsakuwa ɗaya da ba ta kai ƙwayar dawa ba, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Wagga ita ka juya ƙwallon Alhaji ta bar rami," in ji shi. "In ta bar rami, ba gulbi za a zaga ba, kai za a zaga. Sake."

Sau uku na rairaye tulin nan. Wata biyu ban taɓa komai ba sai rariya da baro.

Kwaɓi shi ne na biyu. Baƙin mai muke karɓowa daga garejin bakanikai, wanda aka juye daga inji. Ba a zuba shi yadda ya zo. Sai ya kwana bakwai a duro dattin ƙarfe ya kwanta, sannan a tace shi da buhu. Da tsakar rana ake kwaɓawa, lokacin da zafi ya tsinka man yana bin yashi ko'ina. Babu mudu, babu sikeli. Za ka damƙi yashin ka matse ka buɗe hannu. In ya zube, mai bai isa ba, iskar bazara za ta kai shi gonar mutane. In ya manne yana ƙyalli, mai ya yi yawa, ƙwallo za ta liƙe ta yi baƙi, ta ɓata wa mutum wando. Wanda ya yi daidai zai tsaya dunƙule, kana taɓa shi da yatsa ya watse. Ƙarƙashinsa kuma jar ƙasa ce da aka daɓe da madaɓi har ta yi tauri, a shimfiɗa yashin a kai kaurin yatsa biyu. Sai da na shekara uku kafin Baba Tunau ya daina duba kwaɓina.

Sai mashafi, wanda kuke ganina da shi daga titi. Bututun ƙarfe ne mai tsawon kamu biyu, an naɗe shi da buhu, an yi masa doguwar ƙota. In ƙwallon mutum ta hau daɓe, sawun ƙafafu sun riga sun tattake yashin. Sai ya ɗaga ƙwallonsa, ni kuma in aza mashafi a bakin rami in ja shi zuwa inda take, in bar masa hanya sumul. Ya mayar da ƙwallon, ya tura. Ja ɗaya ake yi, ba a tsayawa a tsakiya, ba a dannawa, nauyin ƙarfen kawai ake bari ya yi aiki. Kuma yadda ka ja wa ciyaman haka za ka ja wa baƙon da ya shigo jiya.

Wata safiya, babu kowa a fili, Baba Tunau ya kira ni daɓe na uku. Ya ja mashafi kamar kullum, sai dai na ga ya ɗan karkata ƙota ya sa nauyin kafaɗarsa. Na duba hanyar, ban ga bambanci ba. Ya ajiye ƙwallo, ya ture ta da gefen takalminsa ba tare da ya ko kalli ramin ba. Ta bi ta faɗa. Ya sake, ta sake faɗawa.

"Kwari na," in ji shi. "Ido bai ganin shi, amma ƙwallo ta san shi, kamar ruwa cikin kunyar gona. Na gwada maka don ka san shi, ba don ka yi shi ba. Ran da kay yi shi, aje ƙarhen ka koma gona."

Bai sake ɗaga maganar ba har ya rasu, filin ya dawo hannuna.

Masu wasan ba su kai arba'in ba ko a lokacin da abin yake tashe. Tsofaffin ma'aikata ne galibi, da 'yan kasuwa, da likitoci biyu. Yawanci a Gusau suke, amma akwai masu zuwa daga Tsafe da Bungudu duk Asabar. Na san kowa da halinsa. Akwai wanda in ya ɓata bugu sai ya kalli sandarsa kamar ita ta buga kanta. Akwai wanda sai ya kalle ni. Akwai mai tari daidai lokacin da abokinsa ya ɗaga sanda, kuma ya rantse mura ce.

Babbar ranarsu ita ce gasar bazara, wadda ake yi kafin ruwan fari ya wanke daɓe. Ba gasar kofi ba ce, ba ta kuɗi ba. Rago ɗaya ake saye a yanka tun da safe, mai gashi yana aikinsa a ƙarƙashin tsamiya su kuma suna zagaye. In an gama, kowa ya ci nama, har mu ma'aikata. Wanda ya yi nasara fatar kawai yake ɗauka, ya kai wa majemi a mayar masa da ita buzun salla. Dattawan da suka haura saba'in ana yafe musu bugu uku. In an yi kunnen doki, fata ta koma ga wanda ya ci bara. Za ku ce fatar rago me ce ce. Na ga mai gidajen sama yana kasa cin nama don ta kuɓuce masa.

Mutum biyu za ku riƙe a cikinsu. Ɗaya Injiniya Sambo, mutumin Bungudu, tsohon ma'aikacin ruwa, mai ƙarfin bugu da son sabon abu. Fata shida ya tara. Ɗayan Alhaji Labbo, tsohon malamin dabbobi daga Tsafe, asalinsa ɗan 'Yankuzo. Shekara ashirin yana shiga gasar, bai taɓa cin fata ba. Ya zo na biyu ya fi sau biyar. Duk shekara in an zauna cin nama sai Injiniya ya ɗaga murya.

"Alhaji, bana ma bisa tabarma za a yi salla?"

"Bana ma bisa tabarma," Alhaji zai ce. "Kai da hwatu shida, sallar taka ta ƙaru?"

A yi dariya, a miƙa masa tsoka.

Shekarar wahalata ita ce shekarar da aka zaɓi Injiniya ciyaman. Ya je wani wuri ya dawo da magana cewa baƙin mai yana wari, yana ɓata fararen kaya, yana kashe ƙasa. Ya sa aka kawo duro huɗu na man angurya, ya ce da shi za a kwaɓa daga yau. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa aiki da shi ba." Ya ce ai shi ya sa zan fara. Na kwashe tsohon yashi, na rairaye sabo, na kwaɓa. Gaskiya daɓen sun yi kyau, ja-ja-ja, babu wari. Saura kwana uku gasa, na fito da hantsi na tarar da garken shanu guda a tsaye kan daɓe na huɗu da na biyar da na shida, kawunansu a ƙasa. Sun lashe yashin har jar ƙasa ta fito. Mai shanun, wani dattijo, yana ta duka yana kira, ko ɗago kai ba su yi ba. Sauran daɓen kuwa tururuwa ta yi musu baƙi ƙirin.

Aka ɗage gasa, aka kira taron kwamiti a rumfa, ni ina tsaye a waje ina jin komai. Injiniya ya ce sakaci ne, da na tsare fili da shanu ba su shigo ba. Mutum uku suka goya masa baya, har an fara ambaton wanda zai maye gurbina. Ina da 'ya'ya biyar a lokacin, gonar Wanke kuma ƙanena ke nomawa. Sai na ji muryar Alhaji Labbo.

"Ku tsaya. Mi Mamman yay yi? Rayuwata duka cikin shanu niy yi ta, ban taɓa ganin saniya ta ji ƙanshin angurya ta wuce ba. Mu munka shimhiɗa musu abinci wuri tara bakin burtali, cikin bazara, ba haki ko guda, kuma muna son mutum ɗaya ya tsare. In kora za a yi, a hwara da wanda yas sayo man."

Kowa ya juya ya kalli ciyaman. Can Injiniya da kansa ya fashe da dariya, don ba mugu ba ne. Aka bar ni. Alhaji ya bi mai shanun har ruga, suka yi magana da Fillanci, aka janye garken daga gefenmu na mako biyu. Na koma wa baƙin maina. Daɓe tara na sake daga tushe cikin kwana goma sha biyu, fatar hannuna ta saɓule.

Shekaru suka wuce, hanyoyi suka lalace da rashin tsaro. Mutanen Tsafe suka ragu, ba mai son kama hanya da duku-duku. Yashin ma sai an yi dabara kafin a samo. Alhaji Labbo dai bai fasa ba, surukinsa ke tuƙo shi in rana ta fito. Idonsa ya fara mutuwa. Ba ya ganin tuta daga nesa, sai a tsaya a bayansa a ce masa dama kaɗan, hagu kaɗan. Amma ƙafarsa ta san filin fiye da idon kowa. A bazarar da nake ba ku labari ya gaya wa kowa cewa ita ce ta ƙarshe a gare shi.

Mutum goma sha ɗaya suka fito ranar. Alhaji ya buga wasan da ban taɓa ganin ya yi ba. Ba ya nisa, amma ba ya kauce hanya. Da suka iso daɓe na tara, rana ta take, ƙanshin gashi ya cika wuri, kowa ya baro inuwa ya kewaye. Aka duba, da bugu ukun da ake yafe masa, in ya jefa wannan ƙwallon a rami ya wuce Injiniya da ɗaya. In ya kuskure kunnen doki ne, fata ta koma ga Injiniya, wanda ya ci bara. Ƙwallon tana yamma da rami, taki bakwai.

Daɓe na tara yana da gangare. Ni na daɓe shi, na sani. Duk ƙwallon da ta taso daga yamma sai ta zame hagu kafin ta isa, don haka dole mutum ya nufi dama da rami kamar faɗin tafin hannu. Alhaji ya ɗaga ƙwallonsa, na ga hannunsa yana rawa. Na aza mashafi a bakin rami. Na tuna rumfa, na tuna muryarsa, na tuna shekarun tabarma. Na karkata ƙota na sa kafaɗa.

Ya mayar da ƙwallo, ya daɗe a tsaye, ya tura. Ta bi ta faɗa.

Wurin ya kaure. Ɗaya daga cikin likitocin ya jefa hularsa sama. Injiniya ya rungumi Alhaji yana cewa yau tabarma ta huta. Aka kawo fatar da jininta aka ɗora masa a hannu. Alhaji yana murmushi yana amsa barka, amma bai yi wata magana mai tsawo ba, nama ma kaɗan ya ci. Na ɗauka gajiya ce. Ni kuwa na ci nama na ƙoshi, ina jin na yi abin kirki.

Bayan mako uku, ruwan fari ya sauka, ina buɗe wa ruwa hanya a gefen daɓe na biyu, sai ga motar Alhaji Labbo ranar da ba ta wasa ba. Ya ce wa surukinsa ya jira a mota. Ya tako shi kaɗai da sanda, da abu a naɗe a hammata.

"Mamman, amshi kayanka."

Na buɗe. Fatar ce, an jeme ta, fara tas, mai laushi.

"Alhaji, ai taka ce."

"Ba tawa ba ta. Shekara nawa ina bugu bisa daɓen nan? Daga yamma kowace ƙwallo hagu takan zame. Rannan hannuna ya yi rawa, na tura ta tsaye ga rami, tun ba ta rabu da sanda ba na san na ɓata. Sai nij ji ta hwaɗa. Idona ya mutu, Mamman, hannuna bai mutu ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Sau ukku ina shimhiɗa ta in tada kabbara, in kasa. Ba ni gaya ma kowa. Amma kai kac ci ta, kai za ka riƙe ta."

Na ce, "Alhaji, alherin da kay yi mani na tuna."

"Na tsaya maka don kana da gaskiya," in ji shi. "Da ba ka da ita, ni ka hwara cewa a kore ka."

Ya juya ya tafi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ko lokacin da Baba Tunau yake ɗora mini tsakuwa a hannu.

Baba ya ce in na yi kwari in ajiye ƙarfe. Don haka ranar Juma'a na hau mota zuwa Bungudu, na sami Injiniya a ƙofar gida, na gaya masa komai, na ce fatarsa ce aka hana shi, kuma in kwamiti ya ce in tafi zan tafi. Sai ya ce:

"Mamman, aikina duka sanin inda ruwa ka bi na. Na ga kahwaɗarka lokacin da tak karkata. Na yi shiru don ni ma ina son ya ci. Da ni da kai duka mun cuce shi. Koma ga aikinka."

Na koma. Alhaji bai sake zuwa ba duk damina, duk kaka, duk rani. Kowa ya ɗauka ya yi ritaya da nasararsa. Sai ranar gasar bazara ta gaba ga shi ya sauko daga mota, ya ƙara ramewa, surukinsa yana riƙe da hannunsa. Aka ce, "Alhaji, ba ka ce ka gama ba?" Ya ce akwai saura.

A daɓe na farko ƙwallonsa ta hau, na matso da mashafi. Ya ji ƙarar ƙarfen, ya ɗaga hannu.

"A bar mani shi hakanan."

Ya tura a kan sawun ƙafafu, ƙwallo tana tsalle tana kaucewa. Bugu huɗu kafin ta shiga. A na biyu ma haka, a na uku haka. Mutane suka fara kallon juna, wani ya ce tsufa ne. Ni dai ina shafe wa kowa, in na zo kansa in ja da baya in tsaya da ƙarfena. Daɓe takwas na bi shi a haka, rana tana dukana, kuma na gwammace a ce korata aka yi.

A na tara ba ya cikin masu neman fata, an bar shi a baya da nisa. Ƙwallonsa ta hau daga yamma, kusan inda ta tsaya bara. Ya sunkuya ya lalubo ta ya ɗaga.

"Mamman."

"Na'am, Alhaji."

"Zo ka shahe."

Na aza ƙarfe a bakin rami. Na saki kafaɗa, na riƙe ƙota da yatsu kawai, na ja sau ɗaya. Ya mayar da ƙwallo, ya nufi dama da rami yadda ya saba, ya tura. Ta tafi, ta fara zamewa hagu, ta zame, ta wuce ta gefen rami ta tsaya.

"Ta shiga?" in ji shi.

"Ba ta shiga ba, Alhaji. Yatsa biyu."

Sai ya yi dariya, irin wadda rabon da in ji ta tun kafin idonsa ya lalace.

"Madalla. Wagga tawa ta."

Da aka zauna cin nama, Injiniya ya ɗaga murya ya ce, "Alhaji, bana ma bisa tabarma?" Alhaji ya ce, "Bana ma bisa tabarma." Waɗanda ba su sani ba suka ce ai yana da ta bara. Alhaji ya sa aka kira ni, ya lalubi tsoka a gabansa ya miƙo mini da hannunsa.

Wannan ce gasarsa ta ƙarshe. Ya rasu bayan damina biyu, Allah Ya jiƙansa. A wurin jama'a ya ci fata ɗaya, a wurinsa bai ci ko ɗaya ba.

To wanda aka ɗauka a cikinku, rariya zai fara riƙewa, wata biyu, kamar yadda aka yi mini. In ya kai ga mashafi zan kai shi daɓe na uku da safe in gwada masa kwari sau ɗaya, don ya san shi. Mashafin yana cikin sito, jingine da bango. A samansa akwai ƙusa, fatar tana rataye a jiki, dole ka gan ta duk lokacin da ka miƙa hannu za ka ɗauki ƙarfe. Kada wanda ya sauke ta don zai yi salla. Ni ma ban taɓa yi a kanta ba.